Wuƙar Da Ta Ƙi Fita Daga Kube

Ba zan taɓa mantawa ba da farautar Bahuli ta bara, kuma ko na yi niyyar mantawa, 'yan ajinmu sun ɗauki alkawarin tuna mini har in yi furfura. Tunda labarin ya riga ya zaga Mubi da ƙafafunsa, kowa na ƙara masa gishiri, gara ku ji shi daga bakin mai shi. (Ni ma zan ɗan ƙara, amma nawa gishirin na gida ne.)

Abin ya samo asali ne daga son ƙira. Tun ina fom ɗaya, in an tashi daga makaranta ba na zarcewa gida, sai in ratse maƙerar Malam Sali da ke bayan kasuwa in tsuguna ina kallo. Da ya gaji da ganina zaune ba aiki, sai ya miƙo mini zuga-zugi. Na yi ta zuga har hannuwana suka yi kanta, hancina kullum baƙi ƙirin. Dada, wato mahaifiyarmu, takan ce ita dai ta san ɗalibi take turawa makaranta, ba ta san wanda ke dawo mata da buhun gawayi ba. Ladan zugar shi ne, in aiki ya yi sauƙi, Malam Sali ya bar ni in buga nawa ƙarfen a gefe. Na ƙera abubuwa da dama waɗanda har yau ba a gano sunansu ba. Akwai wata da na rantse wuƙa ce, Dada ta karɓa ta gode, tana kankare ƙanzo da ita.

Sai Allah ya haɗa ni da guntun sifirin na wata tsohuwar a-kori-kura, yashe a bayan gareji. Duk wanda ya taɓa shaƙar hayaƙin maƙera ya san babu ƙarfen wuƙa kamar sifirin. Na ɗauke shi kamar na tsinci zinariya. Na gasa, na buga, na sake gasawa, na sake bugawa, na bi shi da magagari har yatsuna suka daina jin magana. Da siffar wuƙa ta fito, na mayar da ita wuta sai da ta yi ja kamar barkono, na tsoma ta cikin baƙin mai, hayaƙi ya turnuƙe har mai tukwanen da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo yana tambaya ko gobara ce. Na yi mata ƙota da ƙahon sa, na kafe da ƙusa, na kai ta bakin mayo, wato rafi, na wasa a dutse. Gwajin kaifi kuwa a jikina na yi shi: gashin hannu da na ƙwauri duk sai da na aske, na koma sumul kamar sabuwar ƙwarya. Malam Sali ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara a kunne, ya ce ba laifi. Wanda ya san Malam Sali ya san "ba laifi" a bakinsa daidai take da a ɗauke ka a kafaɗa a zaga gari da kai. Ya ce in kai wa baduku ya ɗinka mata kube. Na ce to. (Irin "to" ɗin nan da muke ce wa malamin lissafi.)

Ni a ganina, wuƙar da na ƙera da hannuna ba za ta sa rigar wani ba. Kuma na riga na hango wata dabara a wurin Fulani makiyaya masu shigowa kasuwar shanu. Sukan zare fatar wutsiyar sa ɗanya, kamar mutum ya tuɓe safa, su zura wa kan sandarsu, ta bushe ta yi kyau, ba ɗinki ba komai. Na ce ashe ga kube nan Allah ya riga ya ɗinka, badukai na ta wahalar da jama'a. Na je kwata na roƙi wutsiya, na zare fatar, na zura wuƙata a ciki tun daga tsini har rabin ƙota, na ƙulle ƙarshen, na bar ɗan gashi yana reto don ado. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, me ya sa makiyaya ke sa wa sanda wannan fata? Don kada ta taɓa fita ne. Amma a lokacin kaina cike yake da iska, babu inda tambaya za ta zauna.

Kafin gari ya sake wayewa ɗakinmu ya ɗauki wari. Dada ta ce ko ni ko mushen, ɗaya ya bar mata gida. Na haura da ita saman kwano, na danne da dutse, na bar ta tana shan ranar bazarar Mubi, wadda in ka fasa ƙwai a kan kwanon sai ya soyu. Da na sauko da ita, fatar ta yi baƙi, ta yi tauri, ta lafe a jikin wuƙar har kana ganin shatin kaifin daga waje. Kyau kam ba a magana.

Za ku ce, to ba ka gwada zarewa ba? Nan gizo ke saƙa. Na taɓa jin tsofaffin maharba suna hira a maƙera, wani ya ce wuƙar maharbi na gaske ba a zare ta a banza, in ta fito sai ta sha jini kafin ta koma. Maganar ta yi mini daɗi har na mayar da ita tawa. Na ɓoye wuƙar a jakar littattafai na kai makaranta, na tara yara a bayan aji. Duk wanda ya ce in zare ya gani, sai in tsuke fuska in tambaye shi ko jininsa ne ya yi masa yawa. Na ce musu daga Mubi har Wukari, duk faɗin Gongola, babu wuƙa irinta. Na ce ta taɓa yanke inuwar wani mutum bai sani ba sai da ya je gida. Na ce in ana suyar nama a maƙwabta, motsi take yi a cikin kube. Saboda yawan faɗa, ni kaina na fara jin tsoron zare ta.

A cikin masu sauraron nan akwai Bitrus, abokina tun firamare, ɗan Bahuli, benci ɗaya muke zama. Bitrus ba ya ƙarya, shi ya sa yake ɗauka kowa ma haka yake. Babansa, Baba Ayuba, manomi ne, da rani kuma maharbi. A danginsu akwai wata al'ada: ranar da yaro ya fara kayar da naman daji na kirki, ba zomo ko zabo ba, cinyar dama ta kawunsa ce, wato ɗan'uwan mahaifiyarsa. In kawu ya ci, shi zai ba yaron baka da kwari, daga ranar ya shiga sahun maza. Kawun Bitrus, Kawu Buba na Digil, ya tsufa, gwiwa ta hana shi shiga daji, bakansa na rataye a ɗaki, an ce tun na kakansu ne. Akwai kuma wani ɗan ƙanwarsa a Betso da shi ma yake hararar bakan nan. Wanda ya riga kai cinya shi ke da shi, kuma Bitrus tun yana ƙarami ba shi da zancen da ya wuce na bakan Kawu.

Ga inda na shigo. Su Bitrus Kirista ne, Kawu Buba Musulmi. (A wajenmu wannan ba labari ba ne, dangi ɗaya sai ka ga ana Kirsimeti ana Sallah da tukunya ɗaya.) Don haka duk abin da Bitrus ya kayar, dole a samu Musulmi a kusa ya yanka kafin rai ya fita, in ba haka ba Kawu ba zai ci ba. Bitrus ya tambaye ni ko na iya yanka. Gaskiyar magana kaji kawai na taɓa yankawa, ɗaya ma sai da ta tashi ta zaga tsakar gida aka bi ta da faifai. Amma na ce masa bijimi ma na yanka, ni kaɗai, ina riƙe da ƙaho da hannun hagu. Ya ce shi ke nan, ranar farautar gayya in tsaya kusa da shi. Na ce kada ma ya wahalar da kansa da ɗaukar wuƙa.

Ranar Asabar muka yi sammako. Jama'a ta taru daga Bahuli da ƙauyukan kewaye, masu baka, masu gora, masu bindigar toka, karnuka kamar an zazzage su daga buhu. Aka busa ƙaho, aka ja layi, aka bazu a gindin duwatsu. Na ɗaura wuƙata a ƙugu da igiya, ina tafe ina buɗa hannuwa kamar mai maruru a hammata. Baba Ayuba ya ce in ba shi ya ga aikin hannuna, na karanta masa dokar shan jini. Ya dube ni ya ce to, Allah ya sa a sha. Wani abin da ya ƙara kumbura mini kai, karnukansa duk ni suke bi. Babbansu, wani ja mai yankakken kunne da ake kira Barsu, bai bar gefena ba ko sau ɗaya. Na ce wa Bitrus kare ya san maharbi. (Wutsiyar sa yake shinshina.)

Rana ta take, mun sha tafiya, mun ratsa wani busasshen mayo, layi ya miƙe har ba ma ganin sauran mutane sai dai mu ji muryoyinsu. Mu uku ne kawai a wurin, ni da Bitrus da babansa. Ina cikin lissafin yadda zan ce ƙaya ta soke ni in samu in ɗan zauna, sai ga gada ta ɓullo daga cikin sabara kamar an harbo ta. Bitrus bai yi wata-wata ba ya sakar mata gora. Wallahi jifa ce ta gwani. Ta same ta a gefen kai, gadar ta yi adungure ta faɗi. Ya yi tsalle ya danne ta, gwiwa a kan kafaɗarta, hannu biyu a ƙafafun baya. Karnuka suka yo ca, Baba Ayuba ya tare su, ya cafke Barsu da wani a wuya, yana korar sauran da ƙafa, don in suka yayyaga ta zance ya lalace.

Gadar ba ta mutu ba, suma ta yi. Cikinta na hawa yana sauka. Bitrus ya ɗago ya dube ni, fuskar nan tasa kamar an kunna fitila a ciki, ya ce in zo maza.

Na zo, amma da taƙama na zo. Na tsaya na duba rana na gano gabas, na sa aka ɗan juya kan gadar. Na naɗe hannun riga. Baba Ayuba, hannayensa duk a wuyan karnuka, ya juyo mini da ƙugunsa ya ce, "Yaro, ja nawa a nan, yana da kaifi. Yi sauri, gada zai tashi."

Da na bi maganar nan, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Sai na ce, "Baba, bar taka ta huta. Yau ranar tawa ce."

Na kama ƙota, na yi bisimilla da ƙarfi yadda duwatsu za su amsa, na ja.

Ba ta fito ba.

Na ɗauka igiya ce ta harɗe. Na kwance ta daga ƙugu, na riƙe kube da hagu, ƙota da dama, na sake bisimilla, na ja. Ko motsi. Wuƙa da kube sun zama abu ɗaya kamar tare aka halicce su. Na matse a tsakanin cinyoyi na ja. Na taka da ƙafa na ja. Na sa haƙori. (Ɗanɗanon nan har yau in na tuna sai na tofar da yawu.) Bisimillar da na yi a wurin nan ta isa a yanka shanun kasuwar Mubi gaba ɗaya, amma wuƙa ta ce ba da ita ba.

Baba Ayuba ya ce bari ya saki karnuka ya ƙarasa ta da kansa. Bitrus ya ce, "A'a Baba, Kawu ba zai ci ba." Kunnen gada ya fara kaɗawa.

A nan mai hankali zai jefar da tasa ya zaro ta Baba Ayuba, ga ta nan kusa, miƙa hannu kawai. Ni kuwa kunya ta riga ta toshe mini ƙwaƙwalwa, abin da ke kaina kawai kada a ce wuƙar da na cika wa gari baki a kanta ta ƙi fita. Sai na miƙa wa Bitrus ƙarshen kuben na ce ya ɗan riƙe mini nan in ja. Shi kuma bawan Allah, da ya saba in na ce abu ya yarda, ya saki hannu ɗaya ya kama.

Gada ta gode mana. Ta ba Bitrus shuri a ƙirji, ta bi ta tsakanin ƙafafuna, ni na tafi da baya na zauna daram a kan ƙaya, wuƙata ta yi sama tana juyi cikin kubenta. Kafin in miƙe gadar ta shige daji. Baba Ayuba ya saki karnuka, duk suka bi ta, ban da Barsu. Shi tun safe ya san abin da ya fito nema. Ya cafe wuƙar, ya shige gindin kargo ya kwanta yana gwaguya.

Masu layi suka ji hayaniya suka taru. Suka tarar da Bitrus zaune a ƙasa da shatin kofato a riga, ni kuma ina durƙushe ina lallashin kare. Wani ya tambaya ina naman, Baba Ayuba ya nuna daji da haɓa. Ba a jima ba Barsu ya yage fatar ya tafi da rabonsa, ya bar wuƙar tsirara tana ƙyalli a rana. Wato duk duniya, wanda ya fara zare wuƙar nan kare ne. Wani tsoho ya ɗauka ya gwada a gashin hannunsa, ya ce kaifi kam akwai, amarya ce kawai mai kunya, ba ta yaye lulluɓi sai an sayi baki. Wani ya nuna ni ya ce ga kuma angon. Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Kamaru.

Dariyar ba ta dame ni ba kamar shirun Bitrus. Bai zage ni ba, bai ko harare ni ba. Ya ɗauki gorarsa ya karkaɗe, muka kamo hanya. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Can na ga yana share ido da gefen riga, da ya ga ina kallo sai ya ce ƙwaro ne ya faɗa masa. Ni kuwa kowane taku ji nake kamar in haƙa rami in shige.

Washegari, bayan sun taso daga coci, na je Bahuli na ce masa mu tafi Digil, ni zan yi wa Kawu bayani da bakina. Ya ce me zai kai masa, iska? Na ce ni zai kai. Baba Ayuba ya ce shi ma zai bi mu, wai yana da saƙo a can. (Babu wani saƙo, kallo ya je.)

Muka samu Kawu Buba a ƙofar gida a kan tabarma, ya miƙe ƙafa yana ɓarar gyaɗa, maƙwabta na taya shi hira. Ashe labari ya riga mu isa. Bayan an gaisa ya dube ni ya ce, "Kai ne angon?" Na ce ni ne. Ya ce to a ba shi labari daga farko kada a rage komai, shi ma ya samu abin taɓawa tunda cinya ta gudu.

Na durƙusa na zayyana. Karon farko ke nan a rayuwata da na ba da labari ban ƙara komai ba, don abin ya ishi kansa. Na faɗi jifar Bitrus, yadda gorar ta tafi, yadda ya danne gadar shi kaɗai. Na faɗi cewa Baba ya ce in ja wuƙarsa na ƙi. Na faɗi zancen wutsiyar sa. Da na zo kan Barsu, Kawu ya yi ta dariya har ya sarƙe, sai da aka kawo masa ruwa.

Da ya natsu sai ya juya wajen Baba Ayuba, ya tambaye shi, shi da ke da wuƙa a ƙugu me ya hana shi yankawa. Baba Ayuba ya ce Bitrus ne ya hana, wai Kawu ba zai ci ba. Kawu ya daina ɓarar gyaɗa. Ya dubi Bitrus, wanda ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da tsinke. Sai ya dafa bango ya miƙe, ya shiga ciki yana ɗingishi, ya fito da bakan.

"Wanda nama ke hannunsa ya tuna da bakin kawunsa, ya cancanci baka," in ji shi. "Amma ni cinya ban gani ba, labari aka kawo mini. Kwari na nan rataye sai ranar da ta zo."

Bitrus ya karɓa da hannu biyu, yana son yin dariya yana son yin kuka, ya rasa wanda zai fara. Ni kuma Kawu ya ce ni ne dai zan sake raka shi, don wanda ya zubar shi ke kwashewa. Amma da sharaɗi: tun daga ƙofar gida in zare wuƙar in nuna wa Baba Ayuba, in mayar, in sake zarewa, a gaban shaidu.

A hanyar dawowa Bitrus ya rataya baka ba kibiya, yana tafe yana shafa tsirkiya. Sai da muka kusa rabuwa ya yi mini magana. Ya ce, "Bijimin nan da ka yanka, shi ma guduwa ya yi?" Na ce kaza ce. Ya ce ai ya gane, tun daga bisimilla ta uku.

Yanzu wuƙar na cikin kuben baduku, tana fita salin-alin. Sunan Ango kuwa ya biyo ni har aji, malamin tarihi ma da shi yake kirana. Kwarin yana nan a ɗakin Kawu, rani na ƙaratowa, ni da Bitrus muna jira. Abin da na koya dai, cika baki kaya ne mai nauyi, kuma sau da yawa ba mai bakin ke ɗauka ba, abokinsa ake ɗora wa. Sannan in babba ya ce ka ja tasa wuƙar, ja kawai, ka bar taka zuwa wata rana. Gada ba ta jiran mutum ya gama nuna gwaninta.